Shagon atamfar Hajiya a Alabar: ta iya riƙe kwastoma, amma da sauran gyara

Shagon yana Alabar ne, ba nisa da babban masallacin Kumasi, cikin layin masu yadi da mayafai. Ɗaki ɗaya ne da benci biyu da fanka a sama, kaya jere har kusa da rufi. Bazan faɗi sunan mai shagon ba tunda ban nemi izininta ba, mu dai Hajiya muke ce mata. Atamfa take saidawa, GTP da ATL da Woodin da Hitarget, sai Holandis kaɗan da bata fito da ita sai an tambaya, sannan shadda da leshi. Tana ajiye baƙi da ja na zaman makoki ma saboda kwastomominta Asante, kuma in kika ji tana zuba Twi dasu zaki rantse a Bantama aka haife ta.

Abun da yasa har yanzu nake hawa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, daga Aboabo in zo nan, alhali ga masu talla cike a Instagram da TikTok da Jiji, shine zani ba abun saye da hoto bane. Masu saidawa ta waya suna ɗaukar hoto ƙarƙashin fitila mai haske, su ƙara masa kala, ruwan toka ya koma shuɗi, ja mai duhu ya koma ja zur. Hajiya kuwa in kin nuna atamfa bata bari ki yanke shawara a cikin shago, zata ce "'yata fito da ita rana ki gani", ta warware yadi biyu a bakin ƙofa, ta juya miki baya da gaba, ta nuna miki gefen zanin inda aka buga sunan kamfani da lambar zanen. GTP a Tema ake yinta, ATL a Akosombo, amma jabun da ake kwaikwayon zanensu daga Sin sun cika kasuwa kuma wasu har sunan suke bugawa a gefe, to ita sai ta ɗauko orijinal da jabun ta ɗora su gefe da gefe ta ce taɓa. Na ga ranar da ta jiƙa bakin wata atamfa da ruwan leda ta murza a farin hankici don ta nuna ma wata amarya cewa wannan tana zuba, kar ta saka ta a lefe, ta saya ta zaman gida in tana so. Wlh wannan ciniki ne ta rage ma kanta da hannunta. Shadda ma haka, in Getzner ce ta Ostiriya zata faɗa, in mai sauƙi ce zata faɗa, bata haɗa su kuɗi ɗaya.

Sai maganar mayarwa, wanda anan ne 'yan onlayin suke kasa. Na sai leshi a wajenta, tela ya shimfiɗa zai yanka sai ya ga zare ya zame a tsakiya, dogon layi. Na kira ta, ta ce "in dai almakashi bai taɓa ba kawo", ta canza min ba tare da ɓata fuska ba har tana bani haƙuri. Wata mai saidawa a Instagram kuwa da na tura ma kuɗin mayafi ta momo, wato tura kuɗi ta waya, abun da ya iso daban da na hoto, na yi magana ta ce ai ta rubuta a shafinta ba'a mayar da kaya, na sake magana ta toshe lambata. Gaskiya dai manyan kamfanoni irin Jumia suna da tsarin mayarwa a rubuce, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jiji kuma haɗa ki da mai kaya kawai suke, cinikin tsakaninku ne. Amma yawancin zannuwan da matan zango ke saye ta waya wajen ɗaiɗaikun mutane ne, wanda baki san ƙofar gidansu ba balle ki je ki tsaya.

Tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta masu biya kaɗan kaɗan. Tun watan Rajab mata suke zaɓar kayan sallah, ta rubuta suna a takarda ta maƙala a jikin zanin ta ajiye, kina kawo abun da ya samu har ki cika. A 2022 da sidi ya faɗi, kaya suna tashi kusan kullum har hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, waɗanda suka riga suka fara biya bata ƙara musu ko pesuwa ba. Mutane basu manta wannan ba, nima ban manta ba.

Kuma kar ku ɗauka tsohuwar hannu ce bata san zamani ba. 'Yarta ce ke riƙe da wayar shago, tana ɗora sabbin kaya a sitatus na WhatsApp, in kina so ta kira ki ta bidiyo ta fita da zanin waje ki gani, ki tura momo, mai babur ya kawo miki har gida. Lokacin E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, da aka fara cire kashi 1.5 a watan Mayun 2022, mata da yawa sun koma kawo kuɗi a hannu, amma tunda aka soke shi a Afrilun 2025 momo ya dawo sosai. Mai babur ɗin nasu ɗan unguwa ne, baya tambayar lambar adireshi ta GhanaPost GPS da rabinmu bamu haddace ba, ki ce masa bayan masallacin kaza kusa da mai waakye ya gane. Yayata da ke Nima a Accra ma ta nan take saye, su kai kayan tashar motocin VIP a Asafo su turo mata lambar mota.

To yanzu inda suka gaza. Babu farashi a jikin kaya, kuɗin yana bin fuska, in kin zo da shiga mai kyau ko baƙuwa ce ke to ki shirya ciniki mai tsawo, kuma wannan abun yana min ciwo don a waya ko ba komai kina ganin kuɗin a rubuce ki gwada da na wani. Rasit babu sai kin matsa. Ranar da Hajiya bata nan kuma shagon kamar ba shi ba, 'yan matan da ke tsaro suna kan waya, ki yi sallama a amsa miki ba'a ɗago kai ba, ki ce a sauko da na sama a ce "iri ɗaya ne da wannan". Sitatus ɗin ma basa sauke abun da ya ƙare, ki ga zani ki taso ki tarar an saida shi tuni. Sannan ƙananan kaya irin mayafi na yau da kullum, hula, ɗan kwali, har da Hitarget, sau da yawa sun fi araha a waya, ni kaina in ba na fita biki bane can nake saye wajen wadda aka riga aka gwada.

In zaki je ki je da safe ranar Talata ko Laraba kafin azahar, lokacin tana nan da kanta kuma ba cunkoso. Goman ƙarshe na azumi kar ma ki fara, ko wajen tsayawa babu. Kuma kafin ki tura momo ki sa 'yar ta ɗauko miki hoton gefen zanin da lambarsa, ki ajiye a wayarki har kayan su iso.