Ruwan janyo barewa na Tink's #69: abin da na gani a dajin Virginia

Kaka huɗu ke nan ina fita farautar barewa a jihar Virginia ta Amurka, kuma sai a bana na yarda na kashe kuɗina a kan kwalaben wari da maharban nan ke yawan yabo. Abin da na saya guda uku ne a wani ƙaramin shagon kayan farauta: kwalbar Tink's #69 ta haɗin masana'anta, wani ruwan ɓoye warin jiki da aka yi da fitsarin dila, sai 'yar robar hoda ta gwada iska. Duka dai ban kai dala 30 ba.

Barewar nan ba irin tamu ta sahel ba ce. Ta fi girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, in ta tsorata sai ta ɗaga shi kamar tuta. Idonta bai kai hancinta ba. Za ka iya zama cikin rigar lemo mai ƙyalli, wadda doka ta wajabta a lokacin bindiga, ta wuce ka ba ta kula ba, amma iska ta ɗauki warinka sau ɗaya ta kai mata, za ka ji ta buga kofato, ta yi wani huci mai ƙarfi, shi ke nan dajin ya watse.

Tink's #69 kwaikwayon warin macen barewa ne lokacin da take neman barbara. Na asali fitsari ne da ake tarawa a gonakin kiwon barewa, amma Virginia ta haramta amfani da shi tun 2015 saboda cutar CWD, wadda ke cinye ƙwaƙwalwar dabbar har ta rame ta mutu. An fara ganin cutar a jihar Colorado a 1967, ta ɓulla a Virginia a 2009 a gundumar Frederick, kuma tana iya bin yawu da fitsari, ta daɗe a cikin ƙasa. Na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Naman da nake kawo wa iyalina daga dajin nan yake fitowa, ba zan so in zuba masa abin da ban san daga wace gona ya zo ba. Shi ya sa na haɗin masana'anta kaɗai na taɓa.

Na fara gwada shi a ƙarshen Oktoba, ina zagayen duba sawu ba da makami ba. Na jiƙa 'yar ƙyallen da ake ratayawa, na ɗaura a reshe, na zauna nesa. Matan barewa biyu suka zo, suka shinshina, ɗaya ta ja baya, suka sauya hanya. Ban ga laifin kwalbar ba. Lokacin bai yi ba, kuma wari irin wannan kafin lokacinsa baƙon abu ne gare su.

A mako na biyu na Nuwamba labari ya sauya. Lokacin ne barbara ke kankama, kuma ya dace da kwanakin da aka ware wa bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar'uwar adaka ta maharbanmu, harbi ɗaya gare ka. A dajin gwamnati na George Washington na sami inda wani namijin barewa ya tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe da ya tattauna. Haka suke barin saƙo ga junansu. Na ɗiga ruwan a ƙyalle, na rataye shi kamar taku 40 daga inda zan zauna, ta yadda iska za ta bi ta kansa ba ta kaina ba. Wajen ƙarfe takwas da rabi sai ga shi yana sassarfa, wuya a kumbure, hanci a ƙasa. Da ba don ƙyallen ba, wucewa zai yi ta cikin sarƙaƙiya inda ba zan iya saita shi ba. Ya ja birki, ya juyo, ya ɗaga kai ya naɗe leɓensa na sama yana zuƙar warin. Ya tsaya cak a fili, gefensa na fuskantata. Na yi bisimilla na harba, na kuma iske shi da sauran rai na yanka.

Wannan shi ne aikin kwalbar a wurina: ba ta kira shi daga bayan dutse ba, dama hanyarsa ce. Ta dai tsayar min da shi inda harbi zai zama mai tsabta, dabba ba ta tafi da rauni ta wahala ba. Ga mai harbi ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma don shi kaɗai zan sake saye.

Fitsarin dila kuwa, na yi nadamarsa. Ba zan ambaci kamfanin ba. Murfin bai rufu da kyau ba, ya tsiyaye a jaka ya ɓata min dardumar sallar da nake tafiya da ita. Na kira malamina a Zariya na ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar barewa, mai tsarki ne, amma na dila najasa ne, sai na wanke. Ga wanda ke yin asuba, azahar, wani lokaci har la'asar a daji, shafa wannan a takalmi wahala ce. Ga shi kuma bai yi abin da aka ce ba. Ranar da na shafa shi, iska ta juya ta bayana, wata tsohuwar macen barewa ta kama warina nan take. Hancin barewa yana rarrabe wari kamar yadda uwar gida ke ɗanɗana miya ta gane daddawa daban, citta daban. Ka ƙara dila a kan mutum, za ta ji dila, ta kuma ji mutum.

Abin da ya fi araha shi ya fi amfani. Hodar gwada iska, ka matsa robar, farin gari ya tashi ya nuna maka inda warinka ke tafiya. A tsaunukan nan iska na hawa sama da safe in rana ta dumama ƙasa, da yamma kuma ta gangara kwari, ko da hasashen waya ya ce daga yamma take kaɗawa. Ranar da na fara matsa ta, kakana na tuna, yana sakin ƙura tsakanin yatsunsa kafin ya doshi gada. Yanzu kowane rabin awa nake dubawa, in ta juya in tashi in sauya wuri.

Ga ɗan'uwa da zai shiga shagon nan: za ka ga buhunan masara da duwatsun gishiri a jere kusa da kwalaben. Kada ka ɗauka. Farauta a kan abincin da aka zuba doka ta haramta ta a Virginia, ciyar da barewa ma an hana daga 1 ga Satumba zuwa Asabar ta farko a Janairu. Ka karanta jikin kwalbar ka tabbatar ta haɗi ce, ka sa ta cikin leda mai zif, ka ajiye ta sai Nuwamba ta shigo.