Superman da Fantastic Four a sinimar Abuja: wanne ya ci kuɗinsa?

Tun da aka saki Superman ranar 11 ga Yulin 2025, Fantastic Four kuma ya biyo bayansa da sati biyu, guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba, kullum musu, kuma waɗanda ba su kalla ba sun fi kowa zaƙewa. To ni dai na je na kalli duka biyun a sinima a nan Abuja, da kuɗin aljihuna, ba wanda ya saya min tikiti balle a ce santi nake yi, don haka bari in faɗi nawa. Superman ya ci kuɗinsa. Fantastic Four ba laifi, amma da na jira ya zo wajen masu tura fim a waya ma ba abin da zan rasa. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa labari to ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Gaskiya kafin wannan na fara gajiya da finafinan nan na masu tashi sama. Tun bayan Avengers: Endgame na 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8, kamfanin Marvel suka mayar da kallon fim kamar karatun jarabawa, sai ka yi bita kafin ka shiga. Captain America: Brave New World da ya fito a Fabrairun 2025 shi ne ya ƙarasa ni, wai kafin ka gane me ake ciki sai ka tuna The Incredible Hulk na 2008, ka tuna wani ƙaton halitta da ya daskare a tekun Indiya a Eternals na 2021, ka kuma kalli silsilar Falcon da Winter Soldier a Disney+, haba jama'a, mutumin da ya taso daga aiki a Wuse ya sha gosulo ina ya ga wannan lokacin? Shi kuma jan Hulk ɗin da Harrison Ford ya koma, wanda aka cika mana ido da shi a tirela, sai can dab da tashi ya fito. Ba mu kaɗai muka gaji ba, The Marvels na 2023 dala miliyan 206 ya tashi da su a duk duniya, alhali Captain Marvel da ya gabace shi ya haura biliyan ɗaya.

Abin da ya fara burge ni da Superman shi ne darakta James Gunn bai ɓata mana lokaci ba. Ba a sake nuna mana duniyar Krypton tana fashewa ba, ba jariri a kumbo, ba wani girma a gona, rubutu kawai aka jero a farko layi kaɗan, sai ga jarumi ya faɗo tim cikin ƙanƙara jina-jina, an lakaɗa masa duka, numfashi ma da ƙyar. Da haka fim ya buɗe. Ya yi fito, sai ga karensa Krypto ya taho a guje yana tayar da ƙurar ƙanƙara, maimakon ya taimake shi sai ya hau tsalle a kan haƙarƙarinsa yana wasa, shi kuma yana nishi yana roƙon kare ya kai shi gida. Hol ɗin gaba ɗaya aka kwashe da dariya. Ƙanwata da na je da ita, wadda ba ta taɓa kallon fim ɗin Superman ko ɗaya ba, har aka tashi ba ta tambaye ni "Yaya wannan kuma waye?" ba, kuma ni a wajena wannan kaɗai ya isa shaida, domin ƙanena da muka kalli Captain America tare sai da na ce masa ya bari sai mun fita.

Sin ɗin da ya fi tsaya min a rai ba na faɗa ba ne. Wanda budurwarsa Lois Lane ta zaunar da shi a ɗaki ta kunna rakoda ta ce yau a matsayin 'yar jarida za ta yi masa tambayoyi. Shi ya je ya hana ƙasar Boravia mamaye maƙwabciyarta Jarhanpur, ƙasashen duka ƙirƙira ne, bai tambayi kowa ba, har ya ɗauki shugaban Boravia ya kai shi daji ya jingina shi da wata bishiya mai ƙaya ya ja masa kunne. Ita kuma tana ta matsa masa, wa ya aike ka, da izinin wa, ka san Boravia ƙawar Amurka ce, shi kuma tun yana murmushi yana gyara zama har ya fara ɗaga murya, amsarsa ɗaya ce, mutane za a kashe. Mintuna masu yawa mutum biyu suna magana a ɗaki ba naushi ba fashewa, amma ban ga wanda ya ciro waya ba. Rachel Brosnahan da ta fito a Lois ta iya, ba ƙarya, ba irin budurwar jarumin nan ba ce da aikinta ihu a zo a cece ta. David Corenswet kuma, wato Superman ɗin, ya fito a mutum mai sauƙin kai da saurin jin haushi, irin wanda in an zage shi a intanet yake cewa bai damu ba alhali ya karanta komai.

Sai dai gargaɗi ga mai niyyar zuwa da ƙanne ko 'ya'ya, kafin wannan hirar akwai 'yar sumbace-sumbace a kicin, a ƙarshen fim ma akwai. Ni da ƙanwata a gefe sai na tsinci kaina ina laluben gugguru a ƙasan kwali da gaske kamar na yar da wani abu, ita ma ta juya tana gyara mayafi.

Akwai inda aka yi dariyar da Turawa ba za su gane ba. Lex Luthor, bos ɗin fim ɗin, ya sato saƙon da iyayen Superman na asali suka haɗo shi da shi, rabin da ya lalace wanda shi kansa bai taɓa ji ba, aka gyara aka watsa wa duniya, ashe cewa suka yi ya mulki mutanen duniya ba sani ba sabo kuma ya tara mata da yawa don ya yaɗa iri. Ana cikin jimami wani daga bayanmu ya ce da Hausa, da ƙarfi, "Malam huɗu ne dai iyaka!" Wallahi sai da na ƙware. Nan na gane ashe mu da yawa ne a hol ɗin. Amma in ka cire wasa, wannan ne ƙashin bayan labarin, yaro ya tashi yana alfahari da asalinsa sai ya gano abin da iyayensa suka so ya zama ba alheri ba ne, ya koma Kansas wajen tsofaffin da suka riƙe shi, manoma talakawa masu magana a hankali, uban riƙon ya zauna da shi a waje ya nuna masa cewa abin da ya zaɓa ya aikata shi ne shi. Mu da muka san riƙo, wanda ya tashi a hannun kawu ko goggo, wannan wajen zai taɓa shi.

Mutumina da muke aiki tare shi sam bai yarda ba. Ɗan gani-kashe-nin Henry Cavill ne, wanda ya fito a Superman kafin wannan, fim ɗinsa Man of Steel na 2013 ya haddace shi. Muna fitowa tun kafin mu kai wajen mota ya fara, "Haba mutumina, wannan wane irin akto ne kowa ya samu sai ya jibge shi? Kare ne ma ke cetonsa!" Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, an daki Superman a fim ɗin nan fiye da kima, an kulle shi a keji, an sa masa koren dutsen nan da ke kashe masa jiki har fuskarsa ta yamutse. Mu kuma mun taso ne a kan finafinan Indiya da na Chana inda in jarumi ya tashi ramuwa to bos ya shiga uku, ana so a ga ya huce. Amma ni abin da na ce masa, mutumin da harsashi ba ya huda shi in ba a nuna yana jin jiki ba me za ka zauna kallo? Na Cavill ya karya wuyan bos ɗinsa Zod bayan an rushe rabin gari, wannan kuwa ana tsakiyar faɗa da ƙaton dodo ya tsaya ya ɗauke kurege daga hanya. Shi ya ce wannan shirme ne, ni na ce hali ne aka nuna maka. Har yau ba mu daidaita ba.

Maganar Boravia da Jarhanpur kuwa, sojoji da tankoki a gefe ɗaya, talakawa da sanduna da yara a ɗaya gefen, wani yaro ya ɗaga tuta mai tambarin Superman yana kiran sunansa, kusan duk wanda na yi magana da shi Gaza ya ce ya tuna. Ni ma ita ta zo min. Fim ɗin dai bai ambaci sunan kowa ba.

Inda ya gaza fa? Mutane sun yi yawa. Green Lantern mai askin nan kamar an kifa masa kwanon sha an zagaye da almakashi, Hawkgirl, Metamorpho, Engineer, ga ma'aikatan gidan jarida da ba su da aikin yi sai shiga jirgi. A cikinsu Mister Terrific ne kawai ya ci sunansa, Edi Gathegi haifaffen Kenya ne ya fito a matsayinsa, fuska a murtuke ba dariya, sin ɗin da ya tashi sansanin sojojin Lex shi kaɗai da 'yan ƙwallayensa masu shawagi, kyamara na zagaya shi ba yankewa, nan aka yi tafi. Sannan tsakiyar fim da aka shiga wata duniyar da Lex ya ƙera, kogi mai kala-kala, komai zanen kwamfuta, idona ya gaji, kuma barkwancin Gunn wani lokaci yana shigowa inda bai kamata ba, yanzu aka harbe bawan Allah mai sayar da abinci a titi don kawai ya taɓa kyautata wa Superman, ba a bari abin ya zauna a zuciya ba an wuce. Nicholas Hoult da ya fito a Lex dai ya yi bos na gaske, hassada tsagwaronta, har birai ya tara a gaban kwamfuta suna zagin Superman a intanet dare da rana, wanda duk mai shiga Facebook lokacin siyasa ya san irinsu.

Fantastic Four kuma kyau kam akwai shi, an yi shi kamar shekarun 1960, motoci da kaya da talabijin duk na da, shi ma ba ya buƙatar bita. Galactus mai cinye duniyoyi ya ce a ba shi jaririn Reed da Sue, miji da mata a cikin jaruman huɗu, ya ƙyale duniya, suka ce a'a, mutanen gari suka juya musu baya. Tambaya ce mai nauyi, ɗa ɗaya ko duniya gaba ɗaya, matar wani abokina ta ce ita ko duniyar za ta ƙone ba ta bayarwa, mijin ya yi shiru bai ce komai ba. Amma fim ɗin bai bari an sha wuya a kan tambayar ba, Sue ta fito da jariri ta yi jawabi, shikenan kowa ya haƙura har ƙasashen duniya suka haɗa kai. A ina? Vanessa Kirby da ta fito a Sue ce ta riƙe fim ɗin, musamman wajen haihuwa a cikin kumbo ana bin su a guje, Pedro Pascal da ya fito a Reed kuwa kamar bai yi barci ba.

Kuma ga ciwon da ke damuna da Marvel, Sue ta mutu a ƙarshe bayan ta tura Galactus, ko minti biyar ba a yi ba jaririn ya taɓa ta ta farka. Ba wanda ya ji tsoro a hol ɗin don kowa ya san za ta tashi. Wolverine ya mutu a Logan a 2017 mutane suka yi hawaye, 2024 aka kawo wani daga wata duniyar a Deadpool & Wolverine, fim ya tara sama da dala biliyan 1.3, to me zai hana su ƙarawa? Robert Downey Jr. da muka yi wa makoki lokacin da ya mutu a matsayin Iron Man a Endgame, a 2024 aka sanar zai dawo a matsayin bos Doctor Doom. Mutuwa ɗaya ce ta girgiza mutane a finafinan nan, ta T'Challa a Wakanda Forever na 2022, ita ma don Chadwick Boseman da ya fito a matsayinsa ya rasu da gaske ne a 2020. Shi ya sa Sinners na Ryan Coogler, wanda ba na masu tashi sama ba ne, ya fi kama ni a 2025, wanda ya mutu ya mutu ko ya koma abin tsoro, ga Wunmi Mosaku a ciki, wadda a Zariya aka haife ta, amma shi kam kar a je da yara.

Ita kanta sinimar, ba zan faɗi suna ba, hoto garau, sauti har a ƙirji kake jin sa, kujeru ba laifi. Amma gugguru da lemo sun kusa kamo kuɗin tikiti, kuma ba a bari ka shiga da naka, a ƙofa ake leƙa jaka. Sanyin esi kuwa ga damina, duk wanda zai je ya riƙe rigar sanyi. An ɓata mana kusan rabin awa ana tallace-tallace kafin a fara, kuma ba rubutun magana a ƙasa, Mister Terrific in ya fara zuba turancin kimiyyarsa da sauri sai dai ka gyaɗa kai. Sannan a duba lokaci da kyau, Superman awa biyu ne da minti tara, in ka haɗa da talla, wanda ya shiga na ƙarfe biyar Magariba za ta same shi a ciki, gara na bayan Azahar ko na bayan Isha'i in kana da abin hawa, don in Kubwa ko Mararaba za ka koma da dare kuɗin mota ma wani tikitin ne. A tambaya kuma ko suna da ranar rangwame a tsakiyar sati. Abin da ake sakawa bayan sunaye a Superman barkwanci ne kawai, kana iya tafiyarka, na Fantastic Four ne na tsakiya ya kamata ka jira, nan aka nuno Doom ta baya riƙe da abin rufe fuskarsa a gaban yaron.