Na aika musu ƙwayoyin hanta, suka dawo mini da HeLa

Sati biyar ke nan da shigowar sakamakon, sai yau na iya zama in rubuta wannan. Kamfanin nan da ake aika wa kati ɗauke da ɗigon samfuri nake nufi, masu gwajin STR, wato gwajin wasu gurabe a DNA, don tabbatar da asalin ƙwayoyin halittar da mutum yake reno a ɗakin gwaji. Duk mai wannan aiki ya san su, ya kuma san abin da suke karɓa.

Ba da son raina na neme su ba. Takardar bincikena ce ta dawo daga mujalla, mai bita na biyu ya rubuta layi ɗaya tak a ƙarshen sharhinsa: a kawo shaidar cewa ƙwayoyin da aka yi aikin da su, su ne waɗanda aka ambata. Haushi na ji a lokacin. Shekara biyu da rabi ina ciyar da waɗannan ƙwayoyi, na san su kamar yunwar cikina. Idan na ɗora filas, wato kwalbar da ake renon su a ciki, a kan maikuroskof da safe, ga su nan sun shimfiɗu gefe da gefe kamar daɓen tsakuwa, kwana uku sun cika ƙasan filas ɗin, jan ruwan da suke ciki ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ba su taɓa ba ni wahala ba. Har alfahari nake yi da su idan na ga abokan aiki suna fama da nasu masu laulayi. Daga ɗalibin da ya gabace ni na gaje su, a jikin ɗan bututun da na ciro daga ruwan naitirojin an rubuta Chang liver, sunan wani layi (wato zuriyar ƙwayoyi masu asali ɗaya) da ake ɗauka na hanta ne, ni kuma ban tambayi kowa komai ba.

Rahoton shafi biyu ne. A shafin farko akwai jerin gurabe a DNA, kowanne da lambobinsa: TH01 na da 7, TPOX na da 8 da 12, vWA na da 16 da 18. Da na iso kan D13S317 na ga 12 da 13.3. A ƙasa an rubuta cewa samfurin ya yi daidai da HeLa, wani sanannen layin ƙwayoyin sankara. Ban yarda ba. Na kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya na zuba su a manhajar bincike ta Cellosaurus, rumbun bayanan layukan ƙwayoyi, wai ko an haɗa katina da na wani. Ka'idar ita ce idan kamanni ya kai kashi 80 cikin 100, ana ɗauka asali ɗaya ne. Nawa babu gurbin da ya kauce. Na daɗe a zaune hannuna a kan teburi, inkubeta na ta ƙugi a bayana.

A nan dole in faɗi gaskiya: gwajin nasu ya yi aikinsa. Abin da idona ya kasa gani a shekara biyu da rabi, ɗigon ruwa a kan kati ya nuna shi. Maikuroskof yana nuna maka siffa, ba ya gaya maka jikin wa aka ciro ƙwayar. Ashe abin da nake kira hanta, ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa ne na Henrietta Lacks, waɗanda aka ɗiba a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a 1951 ba tare da saninta ba, ta kuma rasu a wannan shekarar tana da shekara 31. Saurin yaɗuwar da nake yaba musu shi ne dai halin da ya sa HeLa take cinye duk abin da ta faɗa cikinsa. Ƙwaya kaɗan a bakin fifet, wato bututun ɗibar ruwa, sun isa, bayan 'yan makonni ƙwayoyin asali sun ɓace. Tun 1966 masanin ilimin gado Stanley Gartler ya tsaya gaban masana ya ce yawancin layukan da ya gwada HeLa ne. A ranar da na karanta rahoton, da an ce in ba kamfanin maki, da cikakke zan ba su.

To amma da na kwana biyu hankalina ya dawo, sai abubuwa suka fara taso mini. A fom ɗinsu akwai gurbin da ake rubuta sunan layin da mutum yake zaton yana da shi. Na rubuta Chang liver da hannuna. Wannan suna yana cikin rajistar ICLAC, kwamitin duniya mai tantance layukan ƙwayoyi, ta layukan da aka san an yi kuskuren asalinsu, tare da layukan KB da HEp-2 da INT 407, duk HeLa ne. Na ɗauki laifina, ya kamata in duba tun ranar farko, kuma wannan zai daɗe yana ci mini rai. Amma mutanen da wannan ce sana'arsu kullum, a ce sun ga sunan a fom sun yi shiru? Saƙo mai layi biyu ya isa. Da na samu sati uku na fara gyara maimakon zaman jira.

Sati ukun ma da dalili. Katin farko na ɗiga, na bari ya bushe sarai, na rufe yadda takardarsu ta ce. Kwana goma sha biyu babu labari. Sai da na rubuta ina tambaya suka ce wai DNA bai isa ba, in sake aikowa, in sake biya. Yaushe suka gane bai isa ba? Me ya hana su faɗa a ranar? Agogon mujalla kuwa yana ta tafiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bayan sakamakon. Tambaya ɗaya na yi musu: cakuda ne, ko HeLa zalla? Domin idan akwai sauran wani abu a ciki, tunanina zai bambanta. Saƙo uku na tura, amsar inji ce take dawowa, wai sun gode da tuntuɓarsu. Da kaina na zauna da shafi na biyu, mai zanen tsini-tsini shuɗi da kore, ina ƙirga su gurbi bayan gurbi. Cakuda yakan nuna tsini uku ko huɗu a gurabe da yawa. Nawa ba su wuce biyu ba a ko'ina. Ke nan babu alamar hanta a ciki, kuma tun kafin su iso hannuna haka suke. Mutum yana cikin wannan hali, bayanin minti biyar ne yake nema.

Na kai wa malamina rahoton a ofishinsa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni hotuna nawa ne a takardar suka dogara da kalmar hanta. Na ce, "Malam, duka." Hotunan suna da kyau, tsarin mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwaya makamashi, ya fito tar, dare nawa na kwana a ɗakin duhu kafin in same su. Abin da suka nuna gaskiya ne, amma ba a hanta ba. Mun rubuta wa edita mun janye takardar, muka gaya masa dalili.

Akwai sauran layuka biyu a tankinmu da ba a taɓa gwadawa ba. Na narkar da su ranar Litinin, kuma wani kamfanin daban zan aika wa katinsu.