Kifin ado ya yi laushi: zafin gari ne ko ruwan ne ya ɓaci?

'Yar'uwa, kin ce golfish ɗinki, wato kifin ado mai ruwan zinariya, guda biyu da ke cikin kwanon gilas sun daina zagaye, ɗaya ma ya kwanta a ƙasa ya ƙi cin abinci, kina tambaya ko zafin Gombe ne ko cuta. Kafin ki sayi magani, duba inda kifin yake tsayawa. Abu biyu ne suka fi kawo haka, kuma alamunsu ba ɗaya ba ne.

Idan zafi ne, sama za ki gan shi, yana buɗe baki a saman ruwa, musamman da rana ko bayan an ɗauke wuta injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya. Wannan kifi asalinsa daga ƙasar Sin yake, ya fi son ruwa mai digiri 18 zuwa 23. Mu kuwa daga Maris zuwa Afrilu gari kan kai digiri 40. Ruwa na ƙara ɗumi, iskar oksijin da ke ciki na raguwa, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki janye shi daga taga, ki buɗe murfin, fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Ki nemi ƙaramin injin iska mai batir. Ledar fiya wata da ta daskare ma tana taimakawa idan aka sa ta a rufe, amma kada sanyin ya sauko a lokaci guda.

Idan kuwa ruwan ne ya ɓaci, ƙasa yake kwanciya, ya tattare fikafikansa a jiki, wani lokaci har da jan layi-layi a wutsiya. Ko gari ya yi sanyi da dare ba ya warwarewa. Abin da ke cinsa ammoniya ce, wani sinadari mai guba da ke fitowa daga numfashinsa da kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Ba ta da launi, shi ya sa ake ruɗuwa: ruwa garau, kifi na mutuwa. Golfish kuma akwai ci da kashi, ga yara kowa ya wuce sai ya barbaɗa masa abinci.

Ni na fi zargin na biyun, saboda kwano kika ce, kuma kwano ba filta, wato matatar ruwa. Zafi ma ƙara wa ammoniya dafi yake yi, don haka sau da yawa haɗuwa suke.

Ki dakatar da abinci kwana biyu, yunwar ba za ta kashe su ba. Ki kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum ki zuba sabo har su miƙe, kada ki juye duka. Ruwan famfo, irin wanda ake turowa daga dam ɗin Dadin Kowa, an sa masa kulorin, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko ki ɗiga maganin da ke cire kulorin. Na burtsatse ba kulorin, amma ba iska sosai, shi ma ya huta tukuna. Daga baya ki nemi akwatin gilas mai faɗi da filta. Kifi ɗaya ma yana son kamar lita 75. Soson filtar kuma da tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi, don ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye ammoniya a jikinsa suke zaune.

Da hunturu kuwa, idan kin ga sun rage gudu amma suna ci, fikafikai a buɗe, lafiyarsu lau, abincin kawai za ki rage.