Shafukan majalisar Alaska: me suke iya yi wa mai bin diddigin kuɗin da gwamna ya soke?

A jihar Alaska ta Amurka, gwamna ba ya buƙatar ƙin sa hannu a kan kasafin kuɗi gaba ɗaya idan wani abu a ciki bai yi masa ba. Tsarin mulkin jihar ya ba shi damar bin ƙudurin layi-layi, ya soke wannan, ya rage wancan, sannan ya rattaba hannu a kan sauran. 'Yan majalisa ba za su iya dawo da abin da ya soke ba sai sun haɗa kashi uku cikin huɗu na kujerunsu a zaman haɗin gwiwa, wato ƙuri'a 45 cikin 60. A Najeriya sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma kashi biyu cikin uku na majalisa ya isa a tsallake shi. Alƙalamin gwamnan Alaska ya fi wannan kaifi nesa ba kusa ba, shi ya sa jihar ta zama wuri mai kyau na auna kayan aikin da ake ba jama'a don su ga abin da aka yanke, su kuma mayar da martani.

Kayan aikin da muka duba huɗu ne, duk kyauta: rumbun ƙudurorin majalisa da ake kira BASIS a shafin akleg.gov, rahotannin sashen kuɗi na majalisa tare da na ofishin kasafi na gwamna, tashar Gavel Alaska mai watsa zaman majalisa kai tsaye, sai kuma hanyoyin isar da koke. Ma'aunin da muka ɗora su a kai shi ne rikicin 2019.

Ranar 28 ga Yuni, 2019, Gwamna Mike Dunleavy ya soke dala miliyan 444 daga kasafin gudanarwa, a layuka 182. Jami'ar Alaska ita ta fi jin jiki: dala miliyan 130 a kan miliyan 5 da majalisa ta riga ta rage, wato kashi 41 cikin ɗari na abin da jihar ke ba ta. An taɓa Medicaid, wato shirin gwamnati na biya wa marasa ƙarfi kuɗin asibiti, an share tallafin wata-wata na tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, an share kuɗin hukumar raya fasahohi irin su zane da kiɗa, an kuma cire dala 334,700 daga kasafin kotuna, gwamnan yana danganta hakan da hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke kan biyan kuɗin zubar da ciki. Sabuwar shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, saboda haka kwana uku kacal ke tsakanin sanarwar da fara aikinta.

BASIS ne ya kamata a fara buɗewa, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskuren farko. Lambobin ƙudurori suna komawa farko duk bayan shekara biyu, tare da kowace sabuwar majalisa. Kasafin gudanarwa na 2019 shi ne HB 39, amma in ka rubuta wannan lamba ba tare da ka canza zango ba, wani ƙuduri daban na majalisar da ke ci yanzu zai fito maka. Sai ka zaɓi majalisa ta 31, ta 2019 zuwa 2020, kafin ka nema. Shafin ƙudurin zai jera maka duk matakan da ya bi da ranakunsu, da kowane kwafi da kwamitoci suka gyara, da lambar shafin kundin majalisa inda aka rubuta ƙuri'a. Wannan kundi shi ne abin da ya fi daraja a rumbun, domin yana kawo sunan kowane ɗan majalisa da inda ya jefa ƙuri'arsa, har da waɗanda ba su halarta ba. Fasalin shafin tsoho ne, rubutun ƙanana, a waya kuma sai an yi ta ja da yatsa. Amma ba shi da nauyi, yana buɗewa ko da intanet ɗin na jan ƙafa.

Abin da BASIS ba zai yi maka ba shi ne bayani. Ainihin takardar da gwamna ya sa wa hannu hoto ne na ƙudurin, an ja layi a kan tsohon adadi, an rubuta sabo a kusa da shi. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta faɗin ma'anar ragin. Layi ɗaya na iya ƙunsar shirye-shirye da yawa, kuma sunan da ke kansa sau da yawa ba shi ne sunan da jama'a suka san shirin da shi ba.

Don haka sai a koma ga rahotanni. Ofishin kasafi na gwamna yana fitar da jerin abubuwan da aka soke tare da gajeren dalili a kan kowanne. A karanta shi da sanin cewa bakin gwamnati ne. Sashen kuɗi na majalisa, wanda ba na wata jam'iyya ba ne, shi ne ke fitar da jadawalin da muka fi amincewa da shi, inda ake jera ginshiƙai gefe da gefe: abin da aka kashe bara, abin da gwamna ya nema, abin da majalisar wakilai ta amince, na dattawa, na kwamitin sasantawa, sai abin da ya zama doka. Bambancin ginshiƙai biyu na ƙarshe shi ne aikin alƙalamin gwamna.

Tarkuna uku ne a cikin waɗannan jadawalai, kuma su ne tushen yawancin alƙaluman banza da ke yawo a Facebook bayan kowace sokewa. Na farko, ana rubuta adadi ne a dubbai. In ka ga 334.7, dala 334,700 ke nan; in ka ga 130,000.0, miliyan 130 ake nufi. Na biyu, kuɗin kashi huɗu ne: UGF, wato kuɗin baitulmalin jiha da ba a ɗaure da wani aiki ba, DGF, kuɗin jiha da aka keɓe wa wata manufa, kuɗin tarayya, sai wasu kuɗaɗe daban. Jaridu biyu za su iya kawo adadi biyu mabambanta a kan sokewa ɗaya, kowacce kuma tana da gaskiya, domin ɗaya ta ƙirga UGF kawai, ɗayar ta haɗa duka. Na uku ya fi ɓoyuwa. Shirye-shirye irin su Medicaid suna jawo kuɗin tarayya ne gwargwadon abin da jiha ta zuba, saboda haka dala ɗaya da aka soke tana iya tafiya da wata wadda ba za ta bayyana a jerin gwamna ba. Haka nan dole mutum ya san da wane ginshiƙi yake kwatantawa. Gwamna zai ce ya ƙara wa makarantu kuɗi idan aka auna da bara, masu adawa su ce ya rage idan aka auna da abin da majalisa ta amince. Jadawalin yana da duka biyun, amma ba ya jan kunnen mai karatu.

Gavel Alaska kuwa aikin gidan watsa labarai na KTOO ne da ke Juneau, babban birnin jihar. Babu hanyar mota da ke shiga Juneau, sai jirgin sama ko na ruwa, saboda haka ga yawancin 'yan jihar wannan tasha ita ce zauren majalisa. Babu mai sharhi, babu mai fassara abin da ake yi. Kyamara ce da makirufo. Ana ajiye tsofaffin zama bisa rana da sunan kwamiti, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko ranar daga BASIS sannan ka neme ta a nan. Matsalarta ta yau da kullum ita ce jadawali. Zaman da aka sa wa ƙarfe 1:30 na rana zai iya komawa "sai shugaba ya kira", idan kuma aka ɗan dakata a tsakiyar zama sai a kashe sauti, alhali a wannan lokacin ne ake ainihin cinikin. Mai kallo daga Kano ko Yamai ya lissafa tazarar awa 10 daga Nuwamba zuwa Maris, awa 9 a sauran watanni.

A Yulin 2019 tashar ta nuna amfaninta. Gwamna ya kira zama na musamman ranar 8 ga Yuli a garin Wasilla, shugabannin majalisa suka ce a Juneau za su zauna. Aka rabu: 38 a Juneau, 22 a ɗakin wasannin wata makaranta a Wasilla, inda masu zanga-zanga suka mamaye kujerun da aka tanada wa 'yan majalisa. Ranar 10 ga wata aka kaɗa ƙuri'a a Juneau, 37 suka ce a dawo da kuɗin, 1 ya ƙi. Wanda ya karanta "37 da 1" a takarda zai ɗauka an yi nasara. Wanda ya ga kujeru 22 babu kowa a kansu ya san ba za a kai 45 ba. Tsarin mulki ya ba su kwana biyar ne kawai daga buɗe zaman, wa'adin kuma ya cika ba a sake komai ba.

A ɓangaren isar da koke ne hidimar ta yi rauni. Majalisa tana da ofisoshin bayanai a garuruwa daban-daban, inda mutum zai je ya rubuta sunansa ya yi magana da kwamiti ta waya; wanda ba shi da ofishi kusa zai iya kira daga gida. Yawanci minti biyu ake bayarwa. Akwai kuma tsarin tura gajeren saƙo da ake kira POMS, wanda bai wuce kalma 50 ba, kuma yana duba sunanka a rajistar masu zaɓe. Wanda ya yi amfani da minti biyunsa wajen faɗin garinsu, layin kasafin da ya dame shi, adadin kuɗin da abin da zai rufe idan ba a dawo da su ba, ya fi wanda ya ɓata su wajen zagin gwamna. A kuma tura rubutacciyar shaida ga kwamitin, domin ita ce ke shiga cikin takardun ƙudurin ta zauna.

Sai dai duk an gina wannan ne a kan kwamiti mai zama. Sokewar kasafi tana zuwa ne a watan Yuni, bayan majalisa ta tashi, zaman haɗin gwiwa kuma ba ya sauraron jama'a. A 2019 sai a tsakiyar Yuli kwamitin kuɗi na majalisar wakilai ya zagaya Anchorage, Wasilla da Fairbanks yana jin bakin mutane a kan sabon ƙuduri, HB 2001, lokacin da wa'adin tsallake gwamna ya riga ya wuce. Fushin da ya yi tasiri ya bi ta wata ƙofa ce. Hukumar gudanarwar jami'a ta ayyana halin matsin kuɗi ranar 22 ga Yuli. Ranar 1 ga Agusta aka ƙaddamar da yunƙurin yi wa gwamna kiranye, cikin kusan mako biyar aka miƙa sa hannu 49,006, alhali 28,501 ake nema a zagayen farko. Ranar 13 ga Agusta gwamna ya sasanta da jami'a a kan ragin miliyan 70 cikin shekara uku, a cikin watan kuma ya bar kuɗin tsofaffi da na hukumar fasahohi suka dawo. Kiranyen bai kai ga akwatin zaɓe ba, an janye shi a 2021, Dunleavy ya sake cin zaɓe a 2022. Ko kaɗan daga wannan ba za ka gani a BASIS ba. Dole sai ka haɗa da jaridu irin su Anchorage Daily News da Alaska Public Media.

Ga ɗan jarida, ɗalibi ko ma'aikacin ƙungiyar sa ido kan kasafi, muna ba da shawarar wannan hidima ba tare da jinkiri ba, muddin za a bi ta a jere: jerin gwamna don sanin abin da yake iƙirari, jadawalin sashen kuɗi don tantance adadi, kundin ƙuri'u don sanin wa ya tsaya ina, sannan bidiyo. Ga talakan da ya wayi gari ya ji an yanke tallafinsa, ta yi tsauri. Babu shafi ɗaya da zai rubuta sunan garinsu ya ga abin da aka rage musu.

Wanda ke son gwaji da misali mafi sauƙi ya ɗauki rigimar kuɗin makarantu. A Maris 2024 yunƙurin tsallake gwamna a kan SB 140 ya tsaya a ƙuri'a 39, ɗaya ta rage a kai 40 da ake buƙata ga ƙudurin da ba na kasafi ba. A Mayun 2025 majalisa ta tsallake shi a kan HB 57 da ƙuri'a 46, aka ƙara dala 700 a kan kason kowane ɗalibi. Sai gwamnan ya bi ta kasafi a watan Yuni ya rage dala 200 daga ciki, wanda ya mayar da ma'aunin zuwa 45. Ranar 2 ga Agusta, 2025, aka samu 45 cif, 14 suka ƙi. Ƙuri'ar 2024 tana ƙarƙashin majalisa ta 33, na 2025 kuma ƙarƙashin ta 34.