Ogilvy ko ƙaramin kamfanin talla na gida?

Alhaji, kan batun wa za ka ba tallan sabulun da kake haɗawa, babban kamfani irin Ogilvy ko 'yan gida, shawarata ka ba 'yan gida.

Ogilvy ba abin rainawa ba ne. Wanda ya kafa shi, David Ogilvy, Bature ne ɗan Birtaniya da ya yi yawon sayar da murhun Aga gida-gida, ya yi aiki da Gallup masu binciken ra'ayin jama'a, sannan ya buɗe ofishinsa a New York a 1948. Tallan rigar Hathaway, mai hoton mutumin da ya rufe ido ɗaya, shi ya fito da sunansa, sai ga sabulun Dove da motar Rolls-Royce da kamfanin mai na Shell sun biyo baya. Daga baya kamfanin ya haɗe da kamfanin talla na Mather & Crowther na Landan, a 1989 kuma WPP, babban rukunin kamfanonin talla na Birtaniya, ta saye shi kan dala miliyan 864. To, dubi waɗannan sunaye da kyau. Kamfanin ya girma ne da bin masu kayan da ake sayarwa a ƙasashe da yawa lokaci guda. Kuɗin bincike da tsara tallan kaɗai, tun ba a sayi minti ɗaya a rediyo ba, na iya taɓa maka jari. Sun iya aiki, amma ba don irinmu aka gina su ba.

Ni man gyaɗa nake yi, kuma wasu matasa na ba aikina a nan Kano. Kafin su rubuta komai sai da suka shiga Kasuwar Singa suka zauna da masu shaguna. Can suka ji abin da mata ke kuka da shi: man da ke kumfa idan ana suya. A kan wannan suka gina tallan, muryar wata mai ƙosai tana yaba mai da Hausarta ta yau da kullum, suka sa shi dab da shirin siyasa na dare, lokacin da kowa ke kunne. Wallahi masu sari suka riƙa kirana da kansu. Da na ce a gyara jimla ɗaya, washegari an gyara, ba wani taro.

Sai dai ka yi hattara da dillalan talla. Wani zai zo da kati mai tambarin babban kamfani ya ce shi wakilinsu ne, wani ya karɓi kuɗin sawa sau goma a sa sau huɗu, wani ya tara maka mabiyan bogi a Facebook. Ka tambayi rajistarsu ta ARCON, hukumar da ke kula da harkar talla a Najeriya, ka nemi rasit da takardar shaidar watsawa daga gidan rediyon kansa, ka kira wani da suka taɓa yi wa aiki. Kar ka biya duka a farko. Rabi yanzu, rabi bayan ka ji tallan da kunnenka.