Stihl MS 382: ga mai son tashi daga ƙaramin injin zarto zuwa matsakaici

Duk wanda ya daɗe yana aiki da ƙaramin injin zarto irin su Stihl MS 180 ko MS 250, ko ɗan Sin ɗin nan da ake kira 5200, ya san ranar da inji ke nuna iyakarsa. Ka nutsa shi cikin gindin kirya ko busasshen marke, sai ƙararsa ta sauka, sarƙa ta tsaya cak, kuloci ya fara ƙauri. Daga nan ne mutane da yawa ke tsallakawa kai tsaye zuwa 070, babban injin masu fasa katako, mai cc 105.7 da nauyin kilo 10.7 tun kafin a ɗaura masa sanda, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai. A ganinmu wannan tsalle ya yi yawa ga mafi yawan aikin gona, itacen wuta da gyaran bishiyoyin gari. Akwai matsakaici a tsakani, kuma MS 382 na daga cikin waɗanda suka fi dacewa da yanayin aikinmu.

Girman injinsa cc 72.2 ne, ƙarfinsa kilowat 3.9, wato kamar doki 5.3, nauyinsa kilo 6.2 ba tare da sanda da sarƙa da mai ba. MS 250 kuwa cc 45.4 ne, kilowat 2.3, kilo 4.6. Ke nan ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari, nauyi kuma da kilo ɗaya da rabi da ɗoriya. Amma kada lambar cikin takarda ta ruɗe ka. In aka ɗaura sanda mai santimita 50 da sarƙarta, aka cika tankin fetur mai lita 0.68 da na man sarƙa mai lita 0.36, abin da ke hannunka ya haura kilo 8. A yankan gungume a ƙasa ba za ka ji shi ba, don itacen ne ke ɗauke da shi. A sassaɓe rassa ne kafaɗa ke gaya maka. Saboda haka in kana da hali kada ka sayar da ƙaramin, bar shi don rassa.

Abin da ya fi jan mu gare shi shi ne kafiretonsa na gargajiya ne, mai sukurori uku da ake saitawa da hannu. Sababbin matsakaita na kamfanin, MS 261 C-M mai cc 50.2 da MS 362 C-M mai cc 59, injina ne masu kyau ƙwarai. Sun fi shi sauƙi a hannu, kuma 362 ya fi shi laushin girgiza domin sifirin ne ke raba hannunsa da jikin inji. Sai dai waɗannan haruffa C-M na nufin na'urar lantarki ce ke auna musu mai, in ta samu matsala kuwa sai wurin dilan da ke da kwamfutar dubawa. Mai aiki a daji, tafiyar wuni daga babban gari, yana bukatar injin da bakaniken janareto ko na babur zai iya buɗewa ya wanke ya mayar. Ga shi kuma zuriyarsa tsohuwa ce, daga 038 zuwa MS 381 zuwa wannan, don haka masu gyara sun saba da tsarinsa. Akwai tarko ɗaya a nan: faɗin fistin na 381 da na 382 duk milimita 52 ne, amma silindar ba iri ɗaya ba ce. In za ka sayi kayan gyara, faɗi lambar injinka sak, kada a ce maka ai duk ɗaya ne.

Husqvarna 61, mai cc 61.5 da kilowat 2.9, shi ma tsohon tsari ne mai juriya, kuma in kayan gyaransa ne suka fi samuwa a garinku, zaɓi ne mai kyau. Na Sin mai lamba 5800 kuwa ba ƙarin ƙarfi ba ne na a zo a gani a kan 5200. Wanda ya tashi daga wannan ya koma wancan kusan yana nan inda yake.

Batun sanda, nan ne aka fi yin kuskure. Tsawon sanda ba ya ƙara wa inji ƙarfi, cinye shi yake yi, domin yawan haƙoran da ke cikin itace a lokaci guda shi ne nauyin da inji ke ja. Ga 382, santimita 50 ita ce daidai. Sarƙarta mai tazarar 3/8 ce, kauri milimita 1.6, mai gaɓa 72. Da ita kana iya kayar da bishiya mai faɗin santimita 80 in ka yanka ta ɓangare biyu. Yana jan santimita 63 mai gaɓa 84 a itace mai laushi kamar malaina ko ɗanyen mangwaro, amma a maɗaci ko tsamiya za ka ji yana nishi, kuma sai ka buɗe famfon man sarƙa har ƙarshe ta sukuron da ke ƙarƙashin inji. Wanda sana'arsa fasa falanki ce daga safe zuwa yamma, ya haƙura ya sayi babba. Yankan tsaye yana riƙe inji a cikakken wuta na tsawon lokaci ba hutu, matsakaici kuwa ba don haka aka yi shi ba, sai dai jefi-jefi.

Sarƙoƙinka na da da magagarinka ba za su bi ka ba. Sarƙar .325 ta MS 250 magagari mai milimita 4.8 take so, wannan kuwa 5.2. Ana wasa haƙori a kusurwar digiri 30, ko digiri 10 in na fasa katako ne, sannan ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori ya zauna milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙorin. Wasu na goge tudun nan sosai wai don inji ya ƙara ci. A ƙaramin inji abin da zai faru shi ne ya shaƙe ya tsaya. A inji mai kilowat 3.9 fizgar ka zai yi, ko ya harbo sanda sama ta nufi fuska, musamman in saman ƙarshen sanda ya taɓa wani abu. Shi ya sa birkin sarƙa ba abin cirewa ba ne. Gwada shi kowace safiya: ba shi wuta kaɗan, tura garkuwar gaba da bayan hannun hagu, sarƙa ta tsaya nan take. Ka kuma dubi abin da ke zuba a ƙafarka yayin yanka. Sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya masu faɗi kamar ɓawon gyaɗa. In ka ga gari lilis kamar na tuwo, ta dakushe, tsaya ka wasa, domin danna inji da ƙarfi a wannan hali shi ke ƙona sanda da kuloci.

Man da yake sha shi ne rayuwar wannan inji, kuma shi ke kashe yawancinsu. Haɗin shi ne 50 da 1: mililita 100 na man 2T mai kyau a cikin lita 5 na fetur, a jarka daban, a girgiza kafin kowane zubi. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Haɗin da ya wuce kwana 30 a jarka a zubar da shi, fetur ɗin bakin titi kuma a tace shi, a bar shi ya kwanta a ga ko akwai ruwa a ƙasa. Konannen baƙin mai da ake zubawa a tankin sarƙa don arha yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cinye famfo da sanda. Sabon inji kada a riƙa ba shi wuta har ƙarshe alhali ba ya cikin itace, har sai ya sha tanki uku. Cikakken ƙarfinsa yana fitowa ne tsakanin tanki 5 zuwa 15. A lokacin hunturu, ƙura da garin katako na toshe matatar iska cikin wuni ɗaya, inji ya yi ta hayaƙi ba ƙarfi. Mai gaggawa sai ya murɗa sukuron H na kafireto ciki don ƙara ta washe, mai ya yi wa inji kaɗan, zafi ya tashi, fistin ya karce. Wanke matata tukuna, kafin a taɓa kafireto. Tazarar fulogi milimita 0.5 ce.

Girgizarsa da ƙararsa su ne aibinsa. Bayan awa uku ko huɗu yatsu na sagewa, don haka safar hannu da abin toshe kunne dole ne, tare da wandon kariya da hular kwano. Kuɗinsa ma ya ninka na ɗan Sin sau da yawa, abin da ya sa jabunsa ya cika kasuwa. Na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 9 da aka buga a jikin ƙarfen inji, ba a takardar liƙi kawai ba, kuma dila na ba da rasit mai ɗauke da lambar. In na hannu ne, cire salansa ka haska tocila ta kafar hayaƙi kana jan igiya a hankali: fistin mai lafiya sumul yake yana sheƙi, mai zane-zane daga sama zuwa ƙasa kuwa ya riga ya sha zafi, sai ka cire kuɗin silinda da fistin daga farashi. Kafin ka kai shi daji kuma ka nemi takardar izini a ofishin gandun daji. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar, madobiya kuma cinikinta tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.